Tokar Lamyai a Ranar Watsa Ruwa

Pattaya,
3 ga Maris, 1996

Zuwa ga 'yata Jaruni,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma sanyin Taiwan ya fara sakin ki. Ya aikin masana'anta? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Ni ina nan, gwiwa ta ƙi, tari ya ƙi, sauran jikin yana bin sahunsu.

Wasiƙarki ta iso. Na gane ba za su ba ki hutu ba, kuma babanki Bunmi shi kaɗai zai kawo tokar mahaifiyarki a zuba ta a teku, kamar yadda ta roƙa. Lamyai ƙanwata ce, amma har ta mutu ban gane kanta ba. Mace ta ƙare rayuwarta a gonar shinkafa a Roi Et, ba ta taɓa ganin teku ba sai a kalanda, sannan duk gaɓar ƙasar nan ta rasa inda za ta zaɓa sai wannan garin, don kawai yayanta yana ciki. To, ta roƙa, za a yi mata.

Tunda babanki ba ya jure karatu, ki karanta masa wannan in kin kira shi a wayar gidan mai gari. Ki karanta a hankali, ki maimaita.

In ya sauka a tasha, kada ya bar kowa ya taɓa masa jaka. Duk wanda ya yi masa murmushi ya kira shi Baba a tashar nan, aljihunsa yake gaisarwa. Layar Buddha da ke wuyansa ya tura ta cikin riga, don masu fizge a kan babur suke, ba su san tsoho ba.

Motocin haya shuɗɗan a-kori-kura ne masu benci biyu a baya. Ya hau baya kawai, in ya kai ya danna ƙararrawa, ya sauka ya biya. Kada ya kuskura ya je tagar direba ya ce ina za ka. Da ya buɗe baki ta zama shata, kuɗin motar duka a kansa. Na san babanki, ba ya iya wuce mutum bai gaishe shi ba, shi ya sa nake nanatawa.

Kujerun bakin teku masu laima ba na hutawar bayin gari ba ne, da ya ɗora mazaunansa mai su zai fito. Kada ya tsaya kallon baburan ruwa, balle ya dafa ɗaya. Kowanne yana da tsohon ƙarzo da ake nema wa sabon mai laifi. Ruwan famfo ba na sha ba ne. In yunwa ta kama shi ya shiga lungu, inda 'yan acaba ke ci, zai samu shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda irin na gida, don masu dakan duk 'yan wajenmu ne. In rana ta faɗi ya zauna a ɗaki. Ba abin da ke kan titin mashaya da ya shafi mai takaba, kuma duk wanda ya nuna masa kati ya ce ya hau bene ya ga wasa, ya wuce kamar kurma.

Kin tambayi sunan makarantar da nake koyarwa don ya same ni. Na bar alli da daɗewa. Ya tambayi Malam Tawat mai rubuta wasiƙa, ƙarƙashin benen kantin magani. Turancin da na kwana karantawa a kwalejin malamai, yanzu da shi nake rubuta wa matan mashaya "ina kewarka" zuwa ga tsofaffin Turawa. Baunar noma ta mutu, rufin gida ya yaye, uwa tana asibiti. Na kashe baunaye da alƙalamina fiye da annoba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba: kada ya taso sai an gama bikin watsa ruwa na sabuwar shekararmu ta watan Afrilu. Zan nemi mai jirgin ruwa.

Ki kula da kanki, ki ci abinci.

Kawunki,
Tawat


Pattaya,
8 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga 'yata Jaruni,

Ina gaishe ki, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni tun da na buɗe wasiƙarki jiya ban ci abin kirki ba.

Sha tara ga wata! Kin rubuto da murnarki cewa babban sufin haikalin ƙauyenku ya duba ranar haihuwar marigayiya ya zaɓi sha tara, kuma ta yi daidai tunda biki yana ƙarewa sha biyar. A Roi Et yake ƙarewa sha biyar, 'yata. A nan sai duk ƙasa ta shanya kayanta sannan garin nan yake yin nasa, kuma sha tara ita ce babbar ranar. Ni da na zauna a nan na ɗauka ko jariri ya san haka, ku kuma a can ba mai dalilin sani.

Kada ki tuna irin na ƙauye, inda yara ke zuba wa tsofaffi ruwan ƙamshi a tafin hannu suna neman albarka. Nan durom-durom ake ɗorawa a motoci, a jefa ƙanƙara a ciki. Ana kwaɓa farar hoda a shafe wa mutum fuska ko ya so ko bai so ba. Turawa tun safe a buge, da bindigogin roba masu fesa ruwa. Mota ba ta motsi. Matsayar jiragen kuma tana can kudu, sai an ratsa titin mashaya kafin a kai. Ta nan zan bi da ƙanwata.

Na kira gidan mai gari. Babanki ya ce an riga an yi sadaka, an ciyar da sufaye, ya sayi tikiti, kuma ranar da aka zaɓa wa Lamyai ba zai ɗaga ta don wasan yara ba. Na ce masa ba yara ba ne, ƙatti ne. Ya tambaye ni ko ana ruwan sama a wajenmu.

Motar dare zai shigo, ta iso da asuba. In ta zo a kan lokaci za mu wuce mashayan suna barci. Na tanadi babbar leda da laima. Ba zan bari wani bugagge ya sheƙa wa uwarki ruwan kwata ba, iyakar abin da zan iya ce miki ke nan.

Ki huta lafiya.

Kawunki,
Tawat


Pattaya,
22 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga 'yata Jaruni,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ina sanar da ke an yi, babanki kuma ya koma gida lafiya. Ni mura ta kwantar da ni, za ki ji dalili.

Motar ba ta iso da asuba ba, sai da rana ta take tsaka, saboda cunkoso. Babanki ya sauko da baƙar riga, ya rungume tukunyar tokar a ƙirji, naɗe da farin ƙyalle da farin zare. Na buɗe masa ledar. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Yaya, wannan ai ta shara ce." Na ce shara ko zinariya, ruwa dai ba ya ratsa ta. Ya ce, "Matata ba kifi ba ce." Na ce, "Bunmi, nan ba Roi Et ba ne, nan ba su san uwar kowa ba." Ya wuce gaba abinsa, shi da bai san hanya ba.

A-kori-kura ta kai mu farkon titin bakin teku ta tsaya cak. Muka taka. Na buɗe laima ina kare shi, kafin mu yi nisa wani ya karya ta da bokiti guda. Babanki ya duƙa a kan tukunyar, ruwan yana sauka a gadon bayansa. Kiɗa kamar zai fasa kai, titi fari fat da hoda, Turawa sun yi ja kamar dafaffen jatan lande. Na yi ta ihu da yarenmu da nasu, ba mai ji.

A bakin titin mashaya muka tarar da jerin mata a ƙofar wata mashaya, kowacce da bokiti. Babbarsu Nok ce, mai kawo mini aiki. Maza uku nake rubuta wa a madadinta a ƙasashe uku, kowanne shi kaɗai ne a zuciyarta. Tana hango ni ta ɗaga bokiti ta ce, "Malam! Yau sai mun wanke maka baƙin ran nan naka!" Na san an gama.

Sai idonta ya sauka a kan farin ƙyallen. Ta ajiye bokitin a hankali. Ta ce da babanki, da harshen wajenmu, "Baba, wa ka ɗauko?" Ya ce matarsa ce, daga Roi Et, teku za ta gani. Nok ta juya ta daka tsawa a kashe kiɗa. Ta tuɓe takalmanta a kan kwalta.

Kin san yadda ake yi a gida a kwanakin bikin nan, a fito da ƙasusuwan iyaye a haikali a yayyafa musu ruwan ƙamshi. Matan nan yawancinsu sun daɗe ba su je gida biki ba, lokacin ne kasuwa ke ci. Wata ta ruga ciki ta ɗauko kwalbar ruwan ƙamshi da 'yar tasa. Nok ta haɗa tafukanta ta roƙi izini. Na ce ba mu da lokaci, mai jirgi yana jira. Ta ce, "Malam, yi mana shiru, ba wasiƙa ba ce." Babanki ya miƙa tukunyar.

Ɗaya bayan ɗaya suka tsoma yatsu suka yayyafa, wasu suna ambaton sunayen da ba na Lamyai ba. Na tsaya riƙe da karyayyar laima. Kwanaki na yi ina dabarar kada ɗigo ya taɓa ƙyallen nan, ga shi yana jiƙewa a gabana.

Daga nan suka sa mu a tsakiya, da jiƙaƙƙun riguna da fuskoki fari fat, suna ihu, "A ba da hanya, uwa za ta wuce!" 'Yan acaba suka gitta babura gaban wata mota mai durom. Wani ƙaton Bature ya saita mu da bindigarsa, Nok ta ƙwala masa moɗa a hannu ta ce, "Sauke, ɗan banza, ba ka da uwa ne?" Bai ji ko kalma ba, amma ya cire hularsa. Har bakin jirgi ba wanda ya ƙara watsa mana ruwa.

Na sa mai jirgi ya yi nisa, ya wuce ledoji da man injin, sai da ruwan ya koma kore. Babanki ya watsa furanni, ya sauke tukunyar cikin ruwa da hannu biyu. Ƙyallen yana ta ƙamshi. Abin da ya ce kawai, "To ga shi, Lamyai. Babba ne, ba ƙarya." Ta nutse ba gardama, ba kamar halinta ba.

Da muka dawo hannu wayam, ko matsayar ba mu bari ba Nok ta juye mini bokitin ƙanƙara tun daga tsakar ka, ta ce, "Yanzu kuma wa zai cece ka, Malam?" Babanki ma bai tsira ba. Ya zauna a gefen titi yana dariya, yana dariya, har dariyar ta juya. Na ƙyale shi. Kowa fuskarsa a jiƙe take ranar, ba wanda ya kula.

Kada ki ɗauka na sauya ra'ayi game da garin nan. Washegari babanki ya je tagar direba ya gaishe shi, aka yi masa shata. An sace masa takalmi ɗaya a bakin teku, ɗaya tak. Jiya Nok ta zo ina tari, ta ce in rubuta wa na Jamus cewa bauna ta mutu. Na rubuta.

Abu ɗaya nake roƙon ki, tunda ba ni da kowa sai ke. In tawa ta zo, farin ƙyalle ya isa, ban da leda. Kuma ki zaɓi sha tara ga Afrilu. Tun da nake a garin nan, ranar ce kaɗai na ga an ba mutum hanya.

Ki gaishe da abokan aikinki. Ki kira babanki ran Lahadi, gidan zai yi masa faɗi.

Kawunki mai ƙaunarki,
Tawat