Na Gudu Daga Cikin Injin Hoto

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara. Shekara tara ke nan rabona da gida, ina neman kuɗi a ƙasar waje, kuma ban taɓa buɗe wa kowa cikina ba sai yau.

Guga nake yi a wani kamfanin wanki, a ƙasan bene, inda tururi ke sa bango gumi. Tun safe kwalar rigunan mutane ce a gabana. Abin dariya, kwalar tawa rigar ce ta tona ni: maɓallin sama ya ƙi shiga. Abokin ɗakina, wani mai walda, ya ce ƙiba ce ta sauka a wuyana ta manta da sauran jiki. Muka yi dariya. Ashe kullutu ne a gefen hagu, ba ya ko ciwo. Dama kunnen wannan gefen ya daɗe a toshe, ina haɓo jefi-jefi, duk na ɗora wa tururi laifi.

A asibiti suka zura wani siririn abu mai fitila ta hancina, suka ɗebi tsoka kaɗan. Ciwon daji ne, can bayan hanci, saman maƙogwaro. Likitar ta ce kullutun kaluluwa ce da ciwon ya sauka a cikinta, kuma yatsa ba ya gane iyakar abin, don akwai waɗansu a ɓoye ta bayan maƙogwaro. Sai an ɗauki hoto a injin da suke kira MRI, a ga ko gefe ɗaya ne ko biyu, yaya girmansu, ko sun gangara gindin wuya. Daga nan za ta san matakin ciwon da irin maganin da ya dace.

Malama, na shiga injin, na kasa. Sun kwantar da ni, suka kife wani abu kamar kwando a fuskata, suka tura ni cikin rami. Aka ce kada in motsa, ko yawu in rage haɗiya. Ƙara kamar ana saran ƙarfe a kaina. Amma ba ƙarar ce ta kore ni ba, ai cikin ƙara nake neman abinci. Rashin abin yi ne. Tun da na zo nan ban taɓa kwanciya ba sai gajiya ta riga ta kashe mini tunani. A cikin ramin nan kuwa idona biyu, hannuna ba aiki, sai ga fuskar 'yata da na bari tana rarrafe. Na matse 'yar robar da suka ba ni ta neman agaji, na sa takalmina, na fice. Sun yi ta kirana a waya, ban ɗauka ba.

Ga inda matsalar take. Wata mai zuwa zan tafi gida, karo na farko. Na san idan hoton ya fito za su ce a fara magani nan take, makonni ana yi, sannan jinya. Tafiya ta rushe ke nan. Idan kuma ya nuna abin ya yi nisa fa? Raina yana ce mini gara in je su gan ni a tsaye da ƙafata, in dawo a yi duk abin da za a yi.

A gida ba wanda ya sani. Idan muna wayar bidiyo nakan karkata wuya in ja kwala. Uwar yarinyar ta ce na canza, wai sai ta maimaita magana sau uku, hankalina ba ya wurinsu. Kunne ne, ban faɗa mata ba. Ba zan ɓoye miki ba, akwai ɗaci a raina. Ƙannena ba sa tuna lambata sai rufin ɗaki ya fara yoyo. Ba wanda ya taɓa tambaya ko ina samun barci. Amma in za a yi adalci, ni na koya musu haka, kullum aka gaishe ni sai in ce lafiya lau. Ita kuwa matata, baiwar Allah, ta riƙe gida ita kaɗai, ba ta taɓa yi mini gori ba.

Abin da na tara ba yawa: hutun shekara uku da ban ci ba, tikiti ɗaya, da takalman yarinya ƙafa biyu, babba da ƙarami, don ban san girman ƙafarta ba. In tafi, ko in koma cikin injin?

Mai Guga

Ɗan'uwana Mai Guga,

Sannu, Allah ya ba ka lafiya. Ba ragwanta ce ta fitar da kai ba, kewa ce. Kuma ba kai ne farkon wanda ya matse robar nan ba, ma'aikatan sun saba.

Son ganin iyalinka kana tsaye haƙƙinka ne, ba zan raina shi ba. Amma ka lura, ka riga ka yanke wa kanka mafi munin sakamako a kan hoton da ba a ɗauka ba. Ni ba likita ba ce, don haka na tambayi wanda ya san fannin. Ya ce irin wannan ciwon galibi da kullutun wuya ake gano shi, kuma saukarsa a kaluluwa ba ya nufin an makara. Yana cikin waɗanda ke jin gashi, wato a gasa ciwon da hasken na'ura, haɗe da magani, mutane da dama suna warkewa. Hoton ne zai nuna inda za a auna gashin da inda za a kauce wa. Abin gudu shi ne jinkiri, don abin da ke sama yau yana iya gangarawa kana can kana ziyara.

Gobe ka kira asibitin ka faɗa musu gaskiyar abin da ya faru. Ka tambaya ko za su ba ka maganin kwantar da hankali da abin toshe kunne. Ka tafi da mai walda, ko a bakin ƙofa ne ya jira ka da tsokanarsa. Idan sakamako ya fito, ka nuna wa likitar tikitinka ka tambaye ta kai tsaye: akwai sararin 'yar gajeriyar tafiya kafin a fara, ko sai bayan an gama? Ita ce mai amsar, ba tsoronka ba. In ta ce a'a, ana ɗage ranar tikiti, hutunka kuma ka nemi kamfanin ya ajiye maka shi a rubuce.

Ƙannenka su jira. Amma mai ɗakinka ka faɗa mata kafin ka shiga injin. A yanzu tana can tana zaton ka gaji da ita, kuma wannan ma ciwo ne da kake iya warkar mata da waya ɗaya. Matar da ta riƙe gida ita kaɗai za ta iya riƙe labarin nan.

Idan fuskar 'yarka ta sake zuwa maka a cikin ramin, kada ka gudu. Ka kwanta lamo dominta. Ba baƙon wata ɗaya take buƙata ba, uba take buƙata wanda zai ga girmanta.

Allah ya sa hoton ya zo da sauƙi, ya mayar da kai gida lafiya.