Ni na jona wayar, matar ɗana ke ɗauke da laifin

Assalamu alaikum, mai wannan fili da masu karatu. Ku ɓoye sunana. Zagi kuma ku rage mini, na riga na yi wa kaina wanda ya isa. Ban yi boko ba, ɗan rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na tsinta, in kun ga ya karkace ku gyara.

Ni mutuniyar Gashua ce, bandar kifi ce sana'ata. Ruwa ya ci mijina tun ɗana yana goye, da hayaƙi na raini yaron har ya zama mutum, ban taɓa kuka a gaban kowa ba. Yanzu ɗaukar bidiyon biki yake yi. Yana da kwamfuta irin mai murfi, a cikinta yake haɗa aikin mutane ya buga musu a faifai. Ranar da ya kawo ta gida ya zaunar da mu, ni da matarsa, ya ce, "Wannan ita ce gonata. Kada wanda ya taɓa." Matar ta yi dariya, ta ce ko fim ɗaya ba za a sa mata ba? Ya ce ko rabin fim.

Unguwarmu sai a yi kwanaki ba a kawo wuta ba. Wata rana na ga ya danna wani wuri, ya jona wayarsa da igiya a jikin kwamfutar, sai ga waya tana shan caji babu wuta babu janareta. Na gani, na riƙe. In ya tafi aiki Nguru kyamara kawai yake ɗauka, matarsa kuma kullum da rana tana Islamiyya, gida ya zama nawa ni kaɗai. Muna da maƙwabciya, Hajiya, matar wani ɗan kasuwa mutumin Haɗeja. Shekara da shekaru in na shiga taron suna sai ta ja mayafi ta toshe hanci, wai ƙaurin kifi. Ran nan ta leƙo tana mita wayarta ta mutu. Na ce, "Kawo." Ko sisi ban karɓa ba, kada ku ce kwaɗayi ne. So nake in ga Hajiya zaune a tabarmata tana jira. Na gani kuwa. Daga ita sai sauran mata, kowa da wayarta a hannu, "Iya, a taimaka." Ni da ake matsawa in na zauna, yau ni ake yi wa layi. Wa zai ce daɗin bai kwashe ni ba?

Ranar da abin ya faru Hajiya ta dawo daga kasuwa, an tura mata sababbin waƙoƙi a memori. Ina jona wayarta sai wani jan abu ya fito a fuskar kwamfutar, da ƙara kamar an taka ɗan tsako, ga rubutun Turanci, ga wurin dannawa biyu. Hajiya ta ce, "Iya, me take cewa?" Na ce, "Mai ita na haifa, ba ita ba." Ta ce, "To danna mana ta yi shiru, kada a ji mu a waje." Na goga yatsa yadda na ga yana yi, na danna ɗaya. Jan abin ya tafi. Muka yi dariya, ta ƙarasa cajinta, na rufe murfi na mayar da zanen da yake lulluɓa mata.

Da ya dawo, bidiyon bikin 'yar wani Alhaji da ke cikin kwamfutar ya ƙi buɗuwa, kaset ɗin da ya ɗauka da shi kuma ya riga ya naɗi wani bikin a kai. Ya kai ta Nguru wurin mai gyara. Abin da aka gaya masa, ya zo ya maimaita a tsakar gida: wai akwai wani abu a ciki kamar mai gadi, ya kama wata cuta mai lalata kwamfuta tun a bakin ƙofa, ya yi tambaya, a kashe ko a bari, wani ya danna a bari. Wai ta waya mai memori ta shigo, kuma sai an wanke kwamfutar gaba ɗaya. Biki ba a sake shi. Alhajin ya tsare shi a kasuwa ya ci masa mutunci a gaban jama'a, wasu da suka ba shi aiki suka janye.

A gidan nan, ban da tasa, waya mai memori ɗaya ce, ta matarsa. Tawa 'yar ƙarama ce mai tocila. Ya juya kanta, ya ce, "Fim ɗin da kika nema, kin kalla, hankalinki ya kwanta?" Ta ce, "Wallahi ban taɓa ba. Iya, ke kina gida, gaya masa." Kafin in buɗe baki ya ce, "Kada ki sa Iya a ciki, ko inda ake kunnawa ba ta sani ba." Ta ƙura mini ido. Ni kuwa na ce, "Ina wajen banda, ban ga komai ba." Haka na faɗa. Yarinyar da ke wanke mini kayan hayaƙi ba ta taɓa yatsine fuska ba, in ƙafata ta kumbura ita ke gasa mini da ruwan zafi. Da tsohon cikinta ta ɗaure kaya ta hau mota zuwa gidan iyayenta a Nguru, har ta durƙusa ta yi mini sallama.

Na je wurin Hajiya. Ta ce, "Mu dai ba mu ga komai ba, ke ma ba ki gani ba. Miji da mata ne, za su shirya." Ina juyawa ta ƙara da cewa, "An gyara ta kuwa? Wayata ta mutu."

Ba su shirya ba. Uban yarinyar ya aiko cewa 'yarsa ba ta dawowa da sunan maƙaryaciya, ta yarda ta dafa Alƙur'ani a gaban manya, ni ma in zo in faɗi abin da na sani. Ɗana kuma ya ce asarar ba ita ke ƙona shi ba, ƙaryar ce, in ba ta amsa laifinta ba zai sawwaƙe mata. Jiya ya zauna kusa da ni ya ce, "Iya, ki shirya ranar Juma'a mu je. Ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, abin da kika faɗa a can shi zan bi."

Na san gaskiya, ba wa'azi nake nema ba. Yadda zan faɗe ta nake tambaya. In kira shi ɗaki tun kafin mu hau mota, ko in fara zuwa ni kaɗai in durƙusa wa yarinyar nan a gaban uwarta? In na sake yin shiru, jikana a gidan wasu za a yanka masa ragon suna, uwarsa da saki a kanta kan abin da yatsana ya danna. In na yi magana, da wane ido yaron nan zai ƙara kallona? Juma'a ta matso. Jama'a, me zan yi?