Ba Hita Ba Ce

Yaya,

Na fita kana barci. Taraktar ta ƙi tashi yau ma, sai farin hayaƙi. Na kwance hitocin nan huɗu masu ɗumama injin kafin ya tashi, na jona kowacce da batir, duk sun yi jawur. Ke nan lafiyarsu ƙalau, injin ne ya kwanta.

Laifina ne. Tun bara nake kara mata tsumman fetur a mashaƙar iska don ta tashi da wuri, ban gaya maka ba. Shi ya lalata injin. Ka yafe mini.

Kar ka sake murza makulli. Ƙasa ta jiƙa, ba za ta jira mu ba. Na tafi wajen wanda muka sayar wa shanun noman Baba muka sayi taraktar, ko zai ba mu aronsu.