Gayyar Shinkafa

Kaduna, Afrilu 1977

Zuwa ga ƙanwata Hajaratu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Goggonmu. Ga buhun shinkafa nan na ba Mamuda direba, 'yar ƙasar waje ce, ko tsakuwa ɗaya babu. Duk wata za ki ga irinsa, don kamfaninmu ya sami kwangilar gina gidaje, aiki har ya fi ƙarfinmu.

Maganar gonar gandu ce ta sa na ɗauki biro. Baba ya rasu, mijinki ya bi shi, samarin Mabai kuwa rabinsu suna nan muna kwana ɗaki ɗaya. Wa zai riƙe muku fartanya? Alhajin nan na Faskari mai tarakta yana son gonar. Ki lallashi Goggo mu sayar masa. Ƙasa ta sami man fetur, zamanin duƙawa a rana ya wuce. Ni zan ciyar da ku.

Ki gaida kowa. Yayanki, Lawwali.

Mabai, Yuni 1977

Zuwa ga Yaya Lawwali,

Gaisuwa da ladabi. Saƙo ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Na karanta wa Goggo takardarka a gindin rumbu, ta ce in rubuta amsarta yadda ta faɗa, kada in sa mata zuma: "Tambaye shi, shekarar fari mi muka ci? Hwetur? Tsohon hatsin ubanshi muka ci. Abincin da ke zuwa bisa mota, ran da taya ta hwashe a kwan da yunwa."

Mun yi shuka, gero da dawa, za mu sa wake a tsakani. Wanda zai yi noman kuwa, ni ma ban san shi ba. Ciyawa ta fara leƙowa, da ita nake kwana a raina. Shinkafarka Goggo ta kulle a ɗakinta, ko yara ba ta ɗanɗana wa ba. Kai kuma da ka tashi kana lashe akushin tuwon dawa, yanzu har ka iya ƙyamar tsakuwa. Birni ya yi rana.

Allah ya tsare. Taka, Hajaratu.

Mabai, Satumba 1977

Yaya,

Bayan gaisuwa. Buhu yana ta zuwa babu takarda, na ƙarshe ma rabi ne. Na tare Mamuda a kasuwar Kankara, ya ƙi haɗa ido da ni, wai sauri yake. Idan maganar Goggo ce ta ɓata maka rai, ka san bakinta, ita ta goye mu. Idan kuma ciwo ne, kada ka ɓoye mini. Wallahi hankalina ba a kwance yake ba.

Hajaratu.

Kaduna, Oktoba 1977

Hajaratu,

Ina gaisuwa. Ba fushi ba ne, kunya ce. Tun kafin damina ta yi nisa mai kwangilar ya kwashe kayansa ya bar mu da gini rabi. Buhun da kika gani bayan nan, kuɗin rediyona ne da na sayar. Na bayansa da rabin nan, kekena ne. Yanzu dako nake yi a kasuwa, abin da na samu da rana shi nake ci da yamma. Ba ni da sauran abin sayarwa.

Na san gonar ta zama daji bana, tunda ni da ya kamata in duƙa a cikinta na tsaya ina cika baki. Idan rumbu ya yi ƙasa, ku nemi Alhajin, kada yara su sha wuya saboda ni. Gida dai ba zan zo ba. Da wane ido zan dubi Goggo?

Ki yafe mini. Lawwali.

Mabai, Nuwamba 1977

Yayana,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na yi kuka da na karanta, sannan na yi dariya, bari ka ji dalili.

Da ciyawa ta taso, Goggo ta kira gayya, tsofaffi uku suka zo. Wa zai bar gonarsa saboda tuwon da ya baro a gida? Sai ta sa aka yi shela ranar kasuwa cewa gayyar gidanmu ta shinkafa ce, da man gyaɗa da albasa. Ka san a nan sai da salla ake ganinta. Yaya, har daga ƙauyukan Faskari aka zo. Wani mutumin Sabuwa baƙunci ya kawo shi, ya ari fartanya ya shiga layi. Noman fari, maimai, huɗa, kowanne da buhunsa. Ta hana ni gaya maka, wai kada ka ce tana rabar da guminka.

Gero ya shiga rumbu, sai da muka ɗaga murfin. Wake na shanye a tsakar gida. Da na karanta mata takardarka ta goge ido da gefen zane, ta ce: "Hwaɗa ma wawan yaron nan, shi ya nome gonar ubanshi bana. Rediyonshi na cikin rumbu. Kekenshi na tsaye a gona, ya nuna, ba mai sare mana shi."

Shinkafa dai ta ƙare, babu sauran gayya. Dawa ce ta rage a gona, ni da Goggo ne da girbinta.

Ƙanwarka, Hajaratu.

Kaduna, Nuwamba 1977

Hajaratu,

Ina gaida Goggo, gwiwa biyu a ƙasa. Kada a taɓa dawar. Mamuda zai sauke ni ranar kasuwa, hannu biyu kawai zan kawo. Ki wasa magirbin Baba, ki tuƙa tuwo da yawa.

Lawwali.