Sunanka a Bangon Littafin Sani

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina rubuto maka daga Guangzhou, inda nake yi wa 'yan kasuwarmu lodin kaya zuwa Kano. Na san wasiƙa ba ta isa kabari, amma na rasa wanda zan kai wa ƙarar ƙanina Sani.

Baba, na gaji.

Tun da ya biyo ni nan, Sani ya riƙe wuridi fiye da kowa. Ranar Juma'a ana watsewa daga Masallacin Huaisheng, shi yana zaune da carbi. Na yi murna, na ce ya gaje ka.

Sai wani ya turo masa littafi ta waya, wai bayanin taron sirri ne da Yahudawa suka yi don su mallake duniya. Na bincika, Baba. Tsohuwar ƙarya ce da aka ƙaga a Turai, an daɗe da tona ta, kuma an zubar da jinin bayin Allah masu yawa a kanta.

Kai ko addu'a aka kawo maka, sai ka ce, "Wa ya ba ka? Shi kuma wa ya ba shi?" Haka na tambayi Sani. Wai ba ya bukatar silsila, domin ka zo masa a mafarki cikin fararen kaya, ka ce gaskiya ne.

Ya mayar da littafin Hausa, ya kai wa wani ɗan Sin a titin Huanshi Lu ya buga masa. Mutumin bai san me ya buga ba. A bango an rubuta cewa da izininka aka fitar. Kai da ka hana mu zagin ko da ɓarawon akuyarmu!

Ya kawo kwalayen littafin in sa a kwantenar da za ta tashi daga tashar jirgin ruwa ta Huangpu, na ƙi. Ya ce an saye ni. Sani, wanda na goya zuwa makarantar allo, yanzu ko Yaya ba ya ce mini. Jiya na ji ya sami wani mai lodin.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya tsare sunanka daga abin da ba ka faɗa ba. In kuma da gaske kana zuwa masa, Babana, don Allah ka koma ka yi masa magana kafin jirgin ya tashi. Ni ya daina ɗaukar wayata.

Ɗanka,
Habibu