Tsohon Laburaren da Kake Yini

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ya karatu, ya su Goggo? Ni lafiya lau, gwiwar ce kawai take min gardama idan na hau bene da bokiti. Kada ka faɗa wa kowa.

Ka rubuto cewa kullum a tsohon laburaren jami'arku kake yini. To, shugabar aikinmu a can ta yi karatu. Da na faɗa mata, sai da ta yi dariya, ta ce tun tana aji biyu aka kwashe littattafan, aka zuba teburan wasan sunuka. Ba don wannan nake goge daɓen mutane ba.

Kawunka zai zo ya gani da idonsa. Ba zan faɗa maka ranar ba. Allah Ya shirye ka.

Mahaifiyarka