Itacen Bakin Teku

Daga Aisami a Gure, zuwa ga ƙanena Ibram, mai kula da garkar Kumandan a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa. Bayan haka, tun ina yaro nake jin wai itacen da matafiyi ya dasa, ransu ɗaya da shi. Ban yarda ba. Da gaskiya ne, da shekarar fari ɗaya ta ƙare fatake duka.

Ka tuna ɗan itacen da ɗanka, wato ɗan farinmu ni da Yakura, ya kawo daga bakin teku ya dasa a garkata kafin ya koma soja Dakar? Ganyensa fari kamar azurfa, in ka murza sai ƙamshi. To, ya soma rawaya. Wata bakwai ba wasiƙa. Yakura tana ba itacen ruwa tulu huɗu kullum. Me za mu yi?

Wassalam.

*

Yaya, ranka ya daɗe.

Ina gaida Yakura. Tulu huɗu! Albasa take nomawa? Matar Kumandan tana da irinsa. Rairayi yake so da iska, ruwa sau ɗaya a mako. Ku rage, saiwarsa ce ke ruɓewa. Zancen ɗanmu Tanimu, zan tambayi sarzan na barikin soja.

Ibram.

*

Ibram,

Gaisuwa. Na karanta mata. Ta ce, "Ƙanenka ya taɓa ganin uwar da ta hana ɗanta ruwa?" Na ɓoye guga, ta aro na Hajja maƙwabciya. Yanzu tulu shida ne. Ni da ban yarda ba, jiya na kama kaina ina ƙirga ganye. Me sarzan ya ce?

Wassalam.

*

Yaya,

Sarzan ya ce an yi zazzaɓi a sansaninsu, sunaye ba su iso ba tukuna. Kada ka gaya wa Yakura. Itace dai itace ne. Wai wa ya sa muku wannan magana a kai?

Ibram.

*

Ibram,

Gaisuwa. Ranar Laraba ya bushe. Yakura ba ta yi kuka ba, ba ta kuma daina zuba masa ruwa ba. Na bar ɓoye guga.

Ka tambayi wa ya faɗa. Da fari kakarmu ce, kai kana goye. Daga baya wani mai kanwa a kasuwar Gidigir. Na ƙarshe kuwa, yana durƙushe yana danna ƙasa a gindinsa, yana dariya, uwarsa na tsaye, ya ce, "Baba, in ya bushe ku yi mini sadaka."

Tanimu ne.

Wassalam.